Hayar gida a Ogba ta hannun kamfanin dillanci: abin da na biya da abin da na samu

Duk wanda aiki ya kawo shi Legas da iyalinsa zai tarar da hanyoyi biyu na neman gidan haya. Akwai dillalan bakin titi masu kafa allo da lambar waya, waɗanda suke karɓar kuɗin rajista da kuɗin zuwa duba gida, su yi ta yawo da mutum unguwa-unguwa, sau da yawa kuma gidan da suka nuna masa yana hannun dillalai uku ko huɗu waɗanda babu wanda ya taɓa ganin mai gidan a cikinsu. Akwai kuma kamfanonin dillanci masu ofis, waɗanda mai gida yake danƙa wa gidansa kacokan, su nemo ɗan haya, su karɓi kuɗi, su kula da gyare-gyare. Ni ta hanya ta biyu na kama gida mai ɗaki biyu da falo a wani bene da ke Ogba, tsakanin Ikeja da Agege, kuma na zauna a ciki har damina ta wuce, har lokacin sabunta haya ya zo, saboda haka ina ganin na isa in yi bayani a kan aikinsu. Ban ambaci sunan kamfanin ba domin akwai ƙorafi a cikin bayanina, kuma irinsa suna da yawa a yankin Ikeja, tsarin aikinsu kusan ɗaya ne.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne takardu. Kafin a yi maganar kuɗi sun nuna mini shaidar rajistarsu da LASRERA, hukumar da gwamnatin Jihar Legas ta ɗora wa alhakin sa ido a kan dillalan gidaje da filaye, sannan suka nuna mini wasiƙar da mai gidan ya wakilta su da ita. An biya kuɗi ta asusun banki mai sunan kamfanin, an ba ni rasit mai ɗauke da kwanan wata da adireshin gidan da tsawon lokacin da kuɗin ya ɗauka, kuma an ba ni yarjejeniyar haya na tafi da ita na karanta a tsanake kafin in sa hannu. Wanda bai san Legas ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne, alhali a wannan gari an sha jin labarin gida ɗaya da aka karɓi kuɗin hayarsa daga hannun mutane da dama, ranar tarewa kowa ya zo da kayansa, dillali kuma ya kashe waya. Baƙo shi ya fi saurin faɗawa wannan rami, domin yana gaggawa, yana kwana a wurin ɗan'uwa ko a masauki, kuma ba shi da wanda zai tambaya a unguwar.

Sun kuma tsaya a kan doka wajen adadin hayar da suka nema. Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana a nemi sabon ɗan haya ya biya fiye da kuɗin shekara ɗaya a gaba, ta wajabta bayar da rasit, ta kuma ce mai zaman shekara-shekara sai an ba shi wa'adin wata shida kafin a tashe shi, sai dai idan yarjejeniya ta tanadi wani abu daban. Dokar ba ta shafi Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA ba, amma ta shafi Ogba. Duk da haka har yanzu akwai masu gidajen da suke neman kuɗin shekara biyu, suna samun masu biya kuwa, saboda masu neman gida sun fi gidajen yawa. Kamfanin nan shekara ɗaya ya nema, kuma wa'adin wata shida yana rubuce a cikin yarjejeniyar.

Inda raina ya sosu shi ne ƙarin kuɗin da ke biyo bayan hayar. An ɗora la'adar dillali kashi 10 cikin ɗari, wanda shi ne iyakar abin da hukumar ta ce a karɓa, sannan aka ɗora wani kashi 10 na lauya da rubuta yarjejeniya, sannan kuɗin ajiya wanda za a cire ɓarna daga ciki ranar da mutum zai tashi, sannan kuɗin hidimar shekara na gadi da kwashe shara da turo ruwa da hasken farfajiya. La'ada ban yi jayayya da ita ba, domin sun yi aikin da ya cancance ta. Kuɗin lauya kuwa ya yi yawa ƙwarai idan aka dubi cewa takarda ce guda da suke ba kowa, suna da adireshi kawai ake canzawa. Abin da ya fi damuna shi ne ba su faɗi jimlar kuɗin a tallar gidan ba, sai da na je na gani, na nuna ina so, sannan aka lissafo mini sauran ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikaci mai albashi ya tara kuɗin haya da ƙyar, ya zo ya tarar yana bukatar ƙarin abin da ya haura kashi ɗaya cikin huɗu nasa a cikin 'yan kwanaki, wannan shi yake jefa mutane cin bashi tun kafin su tare. Kamfanin da yake taƙama da bin doka ya kamata ya rubuta jimlar a fili tun farko, kuma ina ba duk mai nema shawara ya buƙaci a rubuta masa ita a takarda kafin ya taka ƙafarsa zuwa duba gidan.

Shi kansa gidan ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗakunan ba su kai faɗin waɗanda muka saba da su a Arewa ba, babu tsakar gida, shanya a baranda ake yi, kicin kuwa mutum biyu ba sa juyawa a cikinsa da sauƙi. Amma ma'aikaciyar da ta raka ni dubawa ta yi abin da nake yaba mata har yau: ta bar ni na buɗe kowane famfo, na duba matsin ruwa a banɗaki, na hau na ga tankunan, na zagaya bayan gidan na duba kwalbati da ramin sokawe, kuma da na tambaye ta ko ruwa yana kwanciya a layin, sai ta ce in tambayi masu shagunan ƙofar gidan da kaina. Wannan tambaya tana da muhimmanci a Legas, inda ruwan sama yake tsananta a watannin Yuni da Yuli, kuma layin da yake tsaf a watan Janairu yana iya zama kududdufi da damina. Ogba tana kan tudu idan aka kwatanta da unguwannin bakin ruwa irin su Lekki, ko da yake akwai gangare a cikinta inda ruwa yake taruwa, kuma layinmu bai taɓa hana mu fita ba.

Ruwan gidan na rijiyar burtsatse ne, kamar yawancin gidajen garin, ana turo shi tanki safe da yamma, yana da haske, amma na sha muna saya. Wuta kuwa kowane sashe yana da mitarsa mai kati, wanda ya raba mu da rigimar da ta fi kowace lalata zaman maƙwabtaka a gidajen haya, wato rabon kuɗin wutar da aka ƙiyasta. Layinmu yana cikin rukunin da ake kira Band A, wanda aka yi wa alƙawarin wutar aƙalla awa 20 a rana, kuma a watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashinsa zuwa naira 225 a kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Wannan ma kamfanin bai gaya mini ba sai da na tambaya, alhali yana canza lissafin wata gaba ɗaya: janareta ya huta, firji yana aiki, amma mai kunna na'urar sanyaya ɗaki dare da rana zai ga katinsa yana ƙarewa da wuri.

Wajen gyara suna da sauri a abin da ya shafi kowa, suna da nawa a abin da ya shafi mutum ɗaya. Da injin turo ruwa ya ƙone, kafin dare sun kawo mai gyara. Da rufin ɗakin yara ya fara yoyo kuwa, sai da na yi ta kira da aika saƙo, kullum amsar ita ce ana jiran amincewar mai gida, har silin ya yi baƙi sannan aka zo. Suna kawo lissafin yadda aka kashe kuɗin hidima a ƙarshen shekara, wanda ba kowane kamfani yake yi ba, kuma maigadin yana samun albashinsa a kan lokaci, abin da na tabbatar daga bakinsa.

Amma babban abin da na saya da kuɗina shi ne wurin da gidan yake. A Legas nisan gida da wurin aiki shi yake yanke yawan barcin mutum da yawan lokacin da zai ga 'ya'yansa, kuma na san waɗanda suka kama gida mai araha a Ikorodu ko bayan Agbado suke fita kafin asuba, su dawo bayan isha'i. Daga Ogba, titin Lateef Jakande yana kai mutum Agidingbi da Alausa, inda sakatariyar jihar take, titin Oba Ogunji kuma yana kai shi Pen Cinema a Agege, wadda gadar sama da aka buɗe a 2021 ta sauƙaƙa cunkosonta. Jirgin ƙasa na Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, yana tashi daga Agbado zuwa Oyingbo, tafiyar kilomita 27, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, da katin Cowry, katin biyan kuɗin mota da ake hawa manyan bas ɗin BRT da shi, ake shigarsa. Yana da ƙayyadaddun lokutan tashi, sai mutum ya tsara fitarsa da su, amma wanda ya taɓa kwashe awanni a gosulon Oshodi ya san darajarsa. Jirgin Ibadan ma yana da tasha a Agege, filin jirgin sama na Murtala Muhammed kuma yana nan Ikeja, saboda haka tafiya gida ba ta zama aiki ba. Abin lura ɗaya shi ne an hana acaɓa a ƙaramar hukumar Ikeja tun watan Yunin 2022, don haka gajeriyar tafiya sai Keke Napep ko ƙananan bas.

Ga Bahaushe akwai wata riba ta daban, ita ce kusanci da Agege, inda Hausawa suka daɗe da kafuwa tun zamanin fataucin goro, suna da sarkinsu da masallatansu da makarantun Islamiyya. A can uwargida take samo dawa da gero da daddawa da kuka, a can ake samun tuwo da fura da balangu irin na gida, mayankar Oko-Oba tana kusa ga mai son nama sabon yanka, Markaz ɗin da Sheikh Adam Abdullahi Al-Ilory ya kafa kuma yana nan ga mai neman ilimin Larabci. Samun waɗannan a tafiyar 'yan mintuna ya rage wa iyalina kewa fiye da yadda na zata, kuma ya sa yaran suna jin Hausa a waje bayan wadda ake yi a gida, suna kuma tsintar Yarbanci daga abokan wasansu.

Garin kansa, idan mutum ba ya ƙarar da ƙarfinsa a hanya, yana da daɗin zama. Ranar Asabar muna kai yara filin shaƙatawa na Johnson Jakande Tinubu da ke Alausa, mu biya Ikeja City Mall, wanda yake da buƙatar waya ko kwamfuta kuwa ga kasuwar Computer Village nan kusa. Ranar Lahadi da safe, lokacin da hanya take sakewa, ana iya bin gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, a tsallaka tsibirin Legas, a ga Babban Masallacin Legas da Freedom Park, ko a ƙarasa gandun Lekki Conservation Centre a hau gadar igiya da ke ratsa saman bishiyoyi. Hayaniya tana nan ba ta yankewa, ƙarar janareta da lasifikar wuraren ibada da hon ɗin danfo, wato ƙananan bas na haya, kuma wanda bai jure ta ba zai sha wahala a watannin farko. Tagoginmu ba sa tare sauti, wannan kuwa aibi ne na ginin da babu gyaran da zai kawar da shi.

Da lokacin sabunta haya ya gabato, sun aiko da wasiƙa tun da sauran watanni, da ƙarin da na ga ya yi tsanani. Na je ofis na zauna da manajan, na kawo masa maganar rufin da aka yi jinkirin gyarawa da kuma cewa ban taɓa saɓa biya ba, ya yi magana da mai gida, aka rage wani abu, kuma ba su sake neman la'ada ko kuɗin lauya ba, wanda wasu dillalan suke yi ba kunya. Na sabunta. Ga ma'aikaci mai iyali da yake aiki a Ikeja ko a kan layin jirgin, musamman baƙon da ba shi da idon sani a gari, ina ganin irin wannan kamfani ya fi dillalin titi aminci nesa ba kusa ba, muddin ya duba rajistarsu da LASRERA, ya karɓi jimlar kuɗi a rubuce, ya ɗauki hoton kowane ɗaki ranar tarewa saboda kuɗin ajiyarsa, ya kuma sa a rubuta a yarjejeniya kwana nawa gyara zai ɗauka bayan an kai ƙorafi. Wanda yake aiki a Victoria Island ko Lekki kuwa, Ogba ta yi masa nisa, gara ya nemi irin wannan tsari a Yaba ko Surulere ko Gbagada, ko da zai rage ɗaki ɗaya.