IPA ko stout: wane ɗaci bakinka ya fi so?

Ɗan'uwa, ka ce kana son gwada giyar ƙananan kamfanoni amma ka rasa wadda za ka fara da ita tsakanin IPA (India Pale Ale) da stout, kuma kana ɗari-ɗari da baƙar, wato stout, don an ce maka ta fi bugarwa. To, launi ba ya nuna ƙarfi. Guinness Draught, wadda stout ce, baƙa ce wuluk, amma barasar da ke cikinta kashi 4.2 ce cikin ɗari, alhali IPA irin ta Amurka, mai ruwan zinariya, takan kama daga 5.5 zuwa 7.5.

Dukansu suna da ɗaci, sai dai ɗacin ba daga wuri ɗaya ya fito ba.

Na IPA daga furen hop yake, wani tsiro da ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi. Asalinta Ingila, inda ake zuba mata hop da yawa a yi jigilarta ta teku zuwa Indiya, daga nan ta samo sunanta. Amma wadda ake yayi yanzu Amurkawa ne suka sake mata fasali da irin nasu hop, musamman Cascade da ya fito a 1972. Kana buɗe gwangwani ƙamshin ɓawon lemo zai fara tarbarka, ka kurɓa ɗacin ya kama gefen harshe, ya daɗe bai saki ba. Wannan ƙamshin ba ya jure ajiya, don haka ka duba ranar da aka ɗura ta. In ta yi watanni a kan kanta, ɗacin kaɗai za ka samu, ka ɗora wa IPA laifin da ba nata ba. Idan kaifin ya yi maka yawa, akwai nau'in IPA nan mai dishi-dishi da ake kira New England, wadda ake ƙara mata hop a ƙarshen aiki, sai ƙamshi ya rinjayi ɗaci.

Stout kuwa sha'ir ake gasawa har ya yi baƙi, shi ke ba ta launi da ɗanɗanon kofi da cakulan. Daga porter, wata baƙar giya ta Landan, ta samo asali, kamfanin Guinness da Arthur Guinness ya kafa a Dublin a 1759 ya yaɗa ta duniya. Kumfar nan ta Guinness mai kauri da laushi aikin iskar naitirojin ce, wadda suka fara amfani da ita a 1959. Kada ka sha ta da sanyi ƙarara, sanyi yana danne ɗanɗanonta. Ka bar ta a kofi sanyin ya ɗan ragu.

Ni dai ina bayan stout ga mai farawa, domin ɗacinta yana zuwa a hankali, ba ya firgita baki. In kai mai shan kofi ne ba sukari, kada ka yi wata-wata. In kuwa abu mai kaifi da ƙamshin 'ya'yan itace ke burge ka, fara da New England kafin ka tunkari mai ɗaci sosai.

Abu biyu ka kiyaye a jikin kwalba. Imperial stout takan haura kashi 8 har ta kai 12, a nan kam maganar ƙarfi gaskiya ce. Milk stout kuma akwai sukarin madara a ciki wanda yis ba ya cinyewa, shi ya sa take da zaƙi, don haka in madara tana ɓata maka ciki ka bar ta.