Rufin ya daina yoyo, amma lissafin kamfanin gyaran har yau yana ci min rai

Wata huɗu ke nan da aka gama gyaran rufin gidana, kuma da gangan na ƙi rubuta komai sai da ruwa ya sauka a kansa sau da dama. Ban so in yabi aikin rufi alhali rana ce kawai ta doke shi. Yanzu an yi ruwa mai ƙarfi har sau shida a ƙirgena, biyu daga ciki da iska, kuma ko ɗigo bai sauko mana ba. Wannan haƙƙin kamfanin ne, shi ya sa na fara da shi. Yaran da suka turo sun iya hawa rufi, sun iya jera kwano, layin ya miƙe sambal, duk wanda ya tsaya a waje ya ɗaga kai zai ce an yi aiki.

Ƙanƙarar da ta jawo mana wannan duka ba ta fi minti goma sha biyu tana zuba ba. Da ta tsaya, yarona ya tsinto guda ya ɗora a kan rularsa ta makaranta, ta kai santimita 3, wasu ma sun ɗan fi. Hukumar yanayi ta Amurka tana sanya mai faɗin santimita 2.5 a sahun masu ɓarna, tamu kuwa ta zarce nan. Washegari da safe na kafa tsani na hau. Gefen da iska ta kaɗo ta duk ya lotse kamar an bi shi da guduma. Kwanon roba mai haske guda biyu da ke saman baranda sun fashe, mazurarin ruwa ya tsage, kuma a wurare da yawa kan ƙusa ya ɗago, robar da ke ƙarƙashinsa ta dagargaje. Kafin kwana biyu silin ɗakin yara ya yi tabo, muka jera bokiti uku.

Ranar da na kira kamfanin, ranar wakilinsu ya zo, kuma wannan ya burge ni sosai, don bayan ƙanƙara kowa neman mai gyara yake yi. Ya hau tsani ya tsaya a ƙarshensa, ya ɗauki hotuna da waya, ya sauko ya auna tsawon ginin da faɗinsa daga ƙasa. Duka bai fi minti goma sha biyar ba. Na ce masa, "Malam, ba za ka leƙa cikin silin ka ga katakon ba?" Ya ce, "Maigida, ba sai mun shiga ba, mun saba da irin wannan aikin." Da yamma ya turo ƙiyasi, layi uku kacal: kwano, ƙusa, kuɗin aiki. Kuɗin bai yi arha ba, bai kuma yi tsadar da za ta firgita mutum ba. Na biya rabi kafin alƙalami.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi ya faru ne a rana ta biyu da fara aiki, kuma ban jin zan manta ranar.

Tun da sassafe suka fara cire tsohon kwano. Kafin rana ta take tsaka sun kware gefen da ya lalace gaba ɗaya, daga ƙololuwa har baki, falo da ɗakuna biyu babu abin da ya raba su da sama sai silin. A daidai lokacin hadari ya fara haɗowa daga nesa. Sai shugaban ma'aikatan ya aiko a kira ni. Na hau, ya nuna min katako da ƙafa, ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai matsala. Katakon nan duk ya ruɓe, ba zai riƙe sabon kwano ba, sai an canja." Na karɓi sukudireba na soka a wanda ya nuna, ta shige kamar a cikin soso. Gaskiya ne, wannan ya ruɓe. Na tambaye shi guda nawa ne haka, ya ce duka.

Ban gama haɗiye wannan ba ya ƙara da cewa kwanon da suka kawo ma ba zai isa ba. Na ce ta yaya, ba wakilinku ne ya auna ba? Ya ce wakilin ƙasa ya auna, bai saka gangara a lissafi ba. Duk wanda ya taɓa yin rufi ya san rufin da ya karkata digiri 30 ya fi filin da ke ƙarƙashinsa da kusan kashi 15 cikin 100, ban da inda kwano ke hawa kan ɗan'uwansa da abin da ake yankewa a kusurwa a zubar. Wannan ba asiri ba ne a sana'arsu, shi ne abin da ake fara koya wa yaron kafinta. To wa ya kamata ya ɗauki nauyin kuskuren awo, ni da na biya ko su da suka auna?

Ya ciro takarda daga aljihu ya rubuta sabon jimla a kan gwiwarsa. Ƙarin ya kai kashi 60 cikin 100 na abin da muka yi yarjejeniya a kai. A ciki har da kuɗin kwashe tsohon kwano, kwanon da kowa ya san ana sayar da shi ga masu sayen tsohon ƙarfe. Ya ce in yanke shawara yanzu don a je a sayo katako kafin ruwa ya sauko. Na ce to ku rufe min da tamfol mu yi magana a tsanake. Ya ce ba su zo da tamfol ba.

Wannan kalmar ce ta fi komai ɓata min rai, har yanzu da nake rubutawa. Kamfanin da aikinsa ke nan ya kware wa mutum rufi a lokacin da ake ruwa, bai zo da abin rufewa ba. Ina tsaye a saman gidana, iyalina da kayana a ƙasa, sama ta yi baƙi, ana miƙo min takarda in sa hannu. A irin wannan hali babu ciniki, sai dai a faɗa maka ka biya. Ban ce da niyya suka shirya haka ba, Allah ne ya san zuciya. Amma da wakilinsu ya ba da minti goma ya leƙa cikin silin da tocila ranar farko, da na san kuɗin tun rufina yana rufe, da na nemi ƙiyasin wani kamfanin na kwatanta.

Wanda ya cece ni wani dattijon kafinta ne a cikinsu, wanda duk suke kira Baba. Tun da aka fara maganar bai ce uffan ba, yana gefe yana zare ƙusa. Da shugaban ya sauka amsa waya, sai ya yafito ni. Ya ce, "Maigida, zo ka ji da kunnenka." Ya riƙa bin katakon ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da guduma. Mai lafiya yana amsawa da ƙara mai tauri, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ƙarar ta mutu. Muka ƙirga tare: cikin 22, guda 7 ne suka lalace, duk a layin da tsofaffin ƙusoshi suka daɗe suna ɗigar da ruwa. Sauran 15 lafiyarsu lau. Na ce, "Baba, ai ka san wannan zai iya jawo maka magana." Ya ce, "Shekara talatin ina wannan aikin, ban taɓa cire katako mai rai na ce ya mutu ba, ba kuma a kanka zan fara ba."

Shi ne kuma ya koya min abin da ya kamata wakilin ya faɗa min tun farko. Ya ɗauko ɗaya daga cikin kwanukan da aka cire, ya ɗora yatsana a kan lotsawar. Ya ce lotsawa kaɗai ba ta yoyo, muni ne kawai. Abin dubawa shi ne inda fenti da rufin tutiyar da ke kare ƙarfen suka tsage, don nan tsatsa za ta fara ci, sai inda bakin kwano ya ɗage daga ɗan'uwansa, sai kan ƙusa. A ganinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da suka cire zai iya ƙara shekaru idan aka sake masa ƙusa mai sabuwar roba. Amma an riga an cire, an jefo su ƙasa, sun lanƙwashe. Wannan asara ce da babu wanda ya rubuta min a takarda.

Da shugaban ya dawo na ce katako 7 zan biya, ba 22 ba, kuma kuɗin kwashe tsohon kwano a cire, ni zan san yadda zan yi da shi. Ya ɓata fuska, ya kira ofishinsu, aka yi ta ja-in-ja a waya kusan rabin awa, ƙarshe suka yarda. Amma rabin awar nan ita ce ta cinye mu. Kafin katako ya iso ruwa ya sauko. Na aro tamfol a maƙwabta, ni da Baba da yara biyu muka shimfiɗa shi cikin iska muna danne bakinsa da bulo, ya rufe ɗakunan biyu bai kai falo ba. Silin falo ya sha ruwa ya kumbura, gefe ɗaya ya rufto a kan kujera da daddare. Allah ya kiyaye babu kowa a wurin.

Washegari na ce wa kamfanin wannan ɓarnar tasu ce. Amsar da aka ba ni ita ce ruwa daga Allah yake. Na ce ruwa daga Allah ne, amma tamfol daga wurinku ya kamata ya fito. Har yau ba su biya ko sisi a kan silin ba, ni na sa aka gyara rabi, rabin yana nan da tabonsa.

Ta ɓangaren inshora ma ban tsira ba, kuma a nan ma da hannun wannan ƙiyasi mai layi uku. Jami'insu ya ce suna biyan ɓarnar da ƙanƙara ta yi wadda ta hana rufi aikinsa, ba sa biyan lotsawar da ta ɓata kyau kawai, ba sa kuma biyan katakon da ya ruɓe saboda tsohon yoyo, don wannan tsufa ne ba haɗari ba. Sannan suka rage kuɗin gwargwadon shekarun rufin, suka cire kason da yarjejeniya ta ce ni zan fara ɗauka. Duk wannan yana rubuce a takardarsu, ban yi musu ba. Abin da ya dame ni shi ne jami'in ya nemi hoton kowane kwano tun yana sama, da bayanin wanda ya huje da wanda ya lotse kawai. Na nemi hotunan da wakilin kamfanin ya ɗauka, sai ga guda biyar, duk daga kan tsani, babu wanda ya nuna huji a fili. Abin da inshora ta biya bai kai rabin abin da na kashe ba.

Akwai kuma maganar kwanon da suka sayar min da sunan wai ƙanƙara ba ta yi masa komai. Bayan an gama na zauna na karanta yadda ake gwada wannan. Ma'aunin da aka fi sani shi ne UL 2218, mai mataki huɗu. A mataki na huɗu, wanda ya fi ƙarfi, ana sako ƙwallon ƙarfe mai faɗin kusan santimita 5 daga tsayin kusan mita 6 a kan abin rufin, a duba ko ya tsage. Tsagewa ake dubawa, ba lotsawa ba, don haka kwanon da ya ci wannan gwajin ma yana iya lotsewa. Na tambayi kamfanin wane mataki nawa kwanon yake, aka ce za a tambayi dillalin da ya kawo. Ba a dawo min da amsa ba. A rasit an rubuta kauri milimita 0.55, kuma na sa an auna guntun da ya rage, haka yake, wannan kam ba su cuce ni ba. Amma kauri daban, alkawarin da aka yi min da baki daban, kuma na biya ƙari ne a kan alkawarin.

Da na fara wannan rubutu niyyata in ba su tauraro huɗu cikin biyar, saboda rufin ba ya yoyo kuma shi ne abin da na kira su su yi. Yanzu da na sake bin abin daki-daki, hannuna ya ƙi. Jimlar abin da na biya su ta haura ƙiyasin farko da kusan kashi 35 cikin 100, ban da silin falo, ban da kujera, ban da kwanon da aka cire ba dole ba. Kuma da Baba bai yafito ni ba, da ƙarin ya kusa ninka wannan. Ba zan iya ce wa ɗan'uwana ya kira su ba alhali ban san ko za a turo masa mutum irin Baba a cikin ma'aikatan ba.

Tauraro biyu nake ba su. Idan akwai wanda ya riga ya ba su kafin alƙalami, ya tsaya kai da fata sai an shiga cikin silin an ƙirga katako a gabansa, a rubuta awon gangara da adadin kwano a takarda, ya ɗauki hotonsa da kansa kafin a zare ƙusa ko ɗaya, kuma kada ya bari a kware masa rufi sai ya ga tamfol a cikin motarsu da idonsa. Takardar garantin shekara biyar da suka ce za su kawo min cikin mako guda, na kira sau uku a kanta, na ƙarshe ranar Litinin da ta wuce. An ce mai sa hannu ya yi tafiya.