Trello a ƙaramar maɗaba'a: yadda na same shi

Aikinmu buga katin gayyatar biki ne, da kalanda, da littafin rasit na 'yan kasuwa. Kafin oda ɗaya ta fita sai ta bi hannu huɗu: mai karɓa, mai zane a kwamfuta, mai inji, da mai yanka. Da can a guruf ɗin WhatsApp muke komai, kuma kowa ya san halin guruf. Umarnin aiki ya nutse ƙarƙashin Barka da Juma'a da dogayen saƙonnin murya, ranar da mai kaya ya zo karɓa sai ka ji "ai na ɗauka an tura wa Malam."

Sai muka koma Trello, manhajar tsara aiki a waya da kwamfuta. Allo ne da ake raba shi gida-gida. Namu gida biyar ne, daga "An karɓa" har "An gama". Kowace oda tana da katinta, ɗauke da sunan wanda aikin ke hannunsa, da ranar alƙawari, da hoton samfur. Ka gama naka, ka ja katin da yatsa zuwa gida na gaba, shi ke nan. Dabarar tsohuwa ce, Toyota sun daɗe suna aiki da irinta a masana'antunsu na Japan, manhajar ce dai ta fito a 2011 kafin kamfanin Atlassian su saye ta a 2017.

Gidan da ya buɗe mana ido shi ne "Jiran amincewar mai kaya". Kullum Baba mai inji ake ɗora wa laifin jinkiri, ashe bawan Allah ba ruwansa. Katuna sun yi ta taruwa a wannan gida, don gidan amarya kan riƙe samfur kwana da kwanaki ana jiran Alhaji ya duba ko an sa sunayen manyan baƙi daidai, wane ya riga wane. Yanzu da safe yaron da ke karɓar oda yakan bi su ɗaya bayan ɗaya da waya. Wannan kaɗai ya biya wahalar koyon abin.

Na kyauta muke amfani da shi: allo 10, mutum 10, ya ishe mu. Sai dai fayil ba ya wuce 10MB, zanen da muke yi da manhajar CorelDRAW kuwa yakan fi haka, don haka a Google Drive muke ajiyewa mu liƙa adireshin a katin. Ba a fassara shi da Hausa ba. Mu muke rubuta komai da Hausa, muka kuma yarda jan tambari na nufin gaggawa, da haka Baba ya saba. Idan sabis ya ɗauke, manhajar waya tana ci gaba da aiki, in ya dawo ta daidaita.

Mai son gwadawa ya fara shawo kan oga. Makon da namu ya koma ba da umarni da baki a bakin ƙofa, allon ya tsaya cik, sai da muka roƙe shi ya riƙa buɗe kati ko da layi ɗaya ne.