Yanar ido: wane irin aiki za ka zaɓa wa tsohuwarka?

Innarmu ta fara da ƙorafin cewa hazo ya yi yawa bana, alhali damina ake ciki a Jos. Daga nan zare ya daina shiga allura, sai kuma ta koma tana kare fuska da mayafi idan fitilar mota ta haske ta. Ranar da ta zuba gishiri a shayi muka kai ta asibiti, likita ya haska ya ce yanar ido ce.

A cikin ido, a bayan baƙinsa, akwai wani ɗan madubi garau da haske ke bi ta cikinsa. Idan ya dushe ya yi fari, shi ne yanar ido. Tsufa ne kan gaba wajen kawo ta, sai ciwon suga, bugu a ido, shan taba, da yawan ɗiga maganin ido mai sitiroyid (sinadarin rage kumburi) ba da izinin likita ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce sanadin kashi 43 cikin 100 na makanta a tsakanin 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama, makantar da kuma ake warkewa.

Mu fara da abin da bai kamata ka kashe ko sisi a kai ba. Babu maganin ɗigawa, kwalli ko zuma da ke narkar da yana. Tabarau kan taimaka a farko, na ɗan lokaci. Mafi haɗari su ne masu yawo ƙauye-ƙauye suna soka tsinke a ido su tura madubin ya faɗa ciki. Mutum zai ga haske nan take, a yi ta murna, amma idon ya rasa madubi, ga kumburi da hawan jinin ido na biyo baya. Da yawa daga nan suke makancewa gaba ɗaya.

Aikin asibiti na gaske iri biyu ne za a fi yi maka tayinsu. Na farko shi ne na hannu, wanda likitoci ke kira SICS: a ɗan tsaga gefen farin ido kamar milimita 6 zuwa 7, a zaro madubin da ya lalace ɗungurungum, a saka na roba. Galibi ba ɗinki. Na biyu shi ne fako, na na'ura: tsagar ba ta wuce milimita 3, na'urar ta farfasa yanar ta zuƙe. Fako ya fi saurin warkewa, ya kuma fi tsada sosai. Mutane kan ɗauka mai tsada shi ne mai kyau, amma idan yanar ta nuna ta yi tauri, kamar yadda tsofaffinmu ke kaiwa kafin su yarda a je asibiti, likitoci da dama sun fi son na hannu. Bayan 'yan makonni gani a duka biyun kusan ɗaya ne. Na hannu aka yi wa Inna, washegari da aka cire bandeji ta dubi ƙanwata ta ce, "Ke, ashe haka kika rame?"

A ganina tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: za a auna idon kafin a zaɓi madubin roba? Kowane ido da ƙarfin madubin da ya dace da shi. Idan ba a auna ba, aiki zai yi kyau amma mutum ya ƙare da tabarau mai kauri. Yi wannan tambayar ko a asibitin kuɗi ne, ko a aikin ido kyauta da ƙungiyoyi ke kawowa. Na kyautan ba abin rainawa ba ne, sai dai ka san wa zai duba majinyacin bayan masu aikin sun tattara sun tafi.

Madubin kansa, na yau da kullum yana gyara hangen nesa, karatun Alƙur'ani kuma sai da tabarau. Akwai mai haɗa nesa da kusa, mai tsadar gaske, wanda kan sa wasu ganin zobe kewaye da fitila da dare. Tsohuwar da ɗora tabarau ba zai dame ta ba, na farkon ya ishe ta.

A Jos akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo da kuma asibitin Jankwano, ga asibitoci masu zaman kansu. Wasu kan wuce Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, amma ka lissafa kuɗin mota, domin za a koma dubawa sau biyu ko uku. Duk inda ka je, nemi jimillar kuɗi: gwaji, madubi, magani da komawa. Ka tabbatar an duba suga, hawan jini da jijiyar ido, don idan hawan jinin ido ya riga ya cinye jijiyar, cire yana ba zai dawo da gani ba.

Aikin bai cika wuce rabin awa ba, allurar kashe zafi kawai ake yi, ido ɗaya a lokaci guda. Bayansa akwai ɗiga magani na kusan wata guda, ban da murza ido, ban da hayaƙin murhu. Tambayi likita yadda za a yi da alwala da sujada a makon farko. Idan ido ya yi ja da zafi, ko gani ya ragu kwatsam, a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.