Gargaɗi ga masu haɗa ƙananan tankoki da jiragen yaƙi: akwai mai sayar da jabun littattafai

Jama'a, ku yi hattara da wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook yana tallar littattafan tarihin soja, wai na asali ne daga Ingila. Ya san inda yake jifa. Yana neman irinmu masu sayen ƙananan tankokin roba na kamfanin Tamiya sikelin 1/35 (wato kashi ɗaya cikin 35 na girman na gaske) ko jiragen kamfanin Airfix na 1/72, domin ya san idan mutum ya gama manna sassa ya zo fenti, dole ya nemi littafi.

Hotunan da yake turawa na littattafan Osprey ne na gaskiya, wato kamfanin buga littattafan tarihin soja, bangonsu na sheƙi. Farashi kuma ƙasa da rabin na kasuwa. Sai ya ce saura kwafi ɗaya, wani ma ya riga ya taya, ka turo kafin alƙalami yanzu. Wasu da zarar kuɗinsu ya shiga sai ya toshe lambarsu. Wasu kuma yana aiko musu da kaya ta tashar mota, kuma nan ne cutar ta fi ciwo, don sai ka biya direba ka kai gida sannan ka ga abin da ke ciki: fotokwafi ne, an buga bangon da kala, cikin kuwa baƙi da fari, an ɗinke da ƙusar sitefula.

Wanda ba ya wannan sana'ar zai ce ai rubutun yana nan. Ba rubutun kaɗai muke saya ba. Littafin Osprey na jerin Men-at-Arms shafi 48 ne, kuma a tsakiyarsa akwai shafuka 8 na zane mai launi da ke nuna kaki da ɗamara da bajo. Su ne ran littafin. Jamus ta koma shafa wa tankokinta rawaya mai duhu a Fabrairun 1943, bayan toka-tokan da aka sani a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ana ɗora kore da ja mai ruwan ƙasa a kai. A fotokwafi duk wannan ya zama toka ɗaya. Ta yaya za ka san inda za ka sa XF-60, fentin Tamiya rawaya mai duhu, a jikin tankinka na Jamus ƙirar Tiger?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda yake taɓa zuciyar mutanenmu da zancen yaƙin Bama. Da yawanmu kakanninsu sun je can cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, sun yi gumurzu a kwarin Kaladan a 1944, suka kama garin Myohaung a Janairun 1945. Alamar runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ce a kan rawaya, ta 82 kuma mashi biyu ne gicciye a kan gammo. Matashi ya tara kuɗi yana son ya fenta ɗan soja kamar kakansa ya ajiye a falo, sai wannan mutum ya turo masa bangon littafi da ya haɗa a kwamfuta. Wani ɗan uwa ya bincika lambar da ke bayan bangon, sai ga ta ta wani littafi ce daban, kan wani yaƙi daban. Wannan rashin tsoron Allah ne.

Kafin ka tura ko sisi, ka ce ya kira ka ta bidiyo, ya buɗe tsakiyar littafin yana juya shafukan launi a gabanka. Ka karɓi lambar ISBN mai lamba 13, wato lambar shaidar littafi da ke bayan bango, ka duba ta a intanet ka ga ko ta dace da sunan littafin. Littafin Osprey na jerin Campaign shafi 96 ne, to ka sa ya nuna maka kaurinsa. Idan ya fara cewa netwok ba kyau, ko kayan suna sito, ka rabu da shi.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsa, ya adana rasidin tura kuɗin da hirarrakinsu, ya kai ƙorafi bankinsa da ofishin 'yan sanda, sannan ya sanar da shugabannin zauren su cire shi, domin yana canza suna da hoto ya dawo.