Locomotion da Rocket: wanne ne jirgin fasinja na farko?

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ka karanta a wani wuri cewa Locomotion ne kan jirgin ƙasa na farko da ya ja fasinja, a wani wurin kuma aka ce Rocket ne, har kana tambaya ko inji ɗaya ne mai suna biyu. Ba ɗaya ba ne. 'Yan gida ɗaya ne dai, domin a masana'antar Robert Stephenson da ke Newcastle, arewacin Ingila, aka ƙera su duka, kuma shekara huɗu ce tsakaninsu: Locomotion a 1825, Rocket a 1829. Locomotion ne wa, amma ni a wurina majanyin kwal ne da ya ɗauki mutane ranar biki. Rocket ne ya nuna cewa inji zai iya kwasar mutane da gudun da doki ba zai jure ba.

Tun kafin su biyun ma mutane sun hau. A 1804 injin Richard Trevithick ya ja tan 10 na ƙarfe a yankin Wales, da mutane kusan 70 a kan taragun. A 1808 kuma ya shimfiɗa dogo zagaye a Landan, ana biyan sule ɗaya a hau. Duk ba su ɗore ba, musamman saboda dogon lokacin yana karyewa a ƙarƙashin nauyi.

Ranar Locomotion ita ce 27 ga Satumba, 1825, ranar buɗe layin Stockton da Darlington. Don kwal aka yi layin nan, a kwaso shi daga mahaƙan da ke wajen Shildon a kai bakin kogin Tees, tafiyar kimanin kilomita 40. George Stephenson, mahaifin Robert, shi ne direba. A bayansa taragun kwal da na fulawa, da taragon zama guda ɗaya tak mai suna Experiment, sauran ɗaruruwan jama'a kuwa a buɗaɗɗun taragu suka cushe. Wani mutum a kan doki yana gaba riƙe da tuta. Inda hanya ta yi daɗi jirgin ya taɓa kilomita 24 a awa. To amma ga abin da ake yawan tsallakewa: da aka watse daga biki, doki ne ya ci gaba da jan taragun fasinja a layin, sai a 1833 aka miƙa aikin ga inji. Locomotion ya koma bakin kwal ɗinsa.

Idan kana son ganin ainihin bambancinsu, leƙa cikin tukunya. Ƙarfin injin tururi duk yana ga yawan tururin da tukunyarsa za ta iya dafawa ba tare da yankewa ba. Tukunyar Locomotion tamkar ganga ce a kwance cike da ruwa, an soke ta da ƙaton bututu guda ɗaya daga wannan kai zuwa wancan. A bakin bututun ake hura wuta, hayaƙi ya bi ta ciki ya fita ta gaba. Bangon bututun nan ɗaya ne kawai ke taɓa ruwa, saboda haka zafi mai yawa wucewa yake yi ya tashi sama a banza. Da an matsa wa injin ya yi gudu, sai tururi ya gaza, ya dawo yana jan jiki.

A cikin tukunyar Rocket kuwa bututu 25 ne na jan ƙarfe, kowanne faɗin inci 3. Murhun kansa an fitar da shi baya, an yi masa akwati mai bango biyu, ruwa yana kewaye da shi. Wuta ɗaya ce, amma an raba harshenta gida 25, kowane kaso yana ratsa ruwa ta hanyarsa. Henry Booth, ma'ajin kamfanin jirgin Liverpool da Manchester, shi ya kawo wannan shawara, ko da yake Marc Seguin a Faransa shi ma ya gano dabarar a nasa ɓangaren a daidai wannan zamani.

Sai dai siririn bututu ba ya jan iska da kansa. A nan ne dabara ta biyu ta shigo, wadda ni ta fi burge ni a duk injin. Tururin da ya gama tura fistin, wato ƙarfen da ke kai da komo cikin silinda yana juya tayoyi, ana bi da shi ta matsattsen baki a harba shi sama cikin bututun hayaƙi. Kowace harbawa tana zuƙo iska ta ƙarƙashin wuta, ta ratsa bututan nan 25. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda gawayi ke yin jajir idan yaro ya danna zugazugi, ya gane abin. Bambancin kawai, a nan injin ne ke zuga kansa: gwargwadon wahalar da yake sha, gwargwadon yadda wutarsa ke ruruwa. Ƙarar "cuku-cuku" ɗin da aka san jirgin kwal da ita, wannan harbawar ce. Sakin tururi a bututun hayaƙi ba sabon abu ba ne, tun Trevithick ake yi, amma sai da ya haɗu da tukunya mai bututu da yawa amfaninsa ya fito sosai.

Ta waje ma kallo ɗaya ya isa ka raba su. Silinda biyun Locomotion a tsaye suke, an dasa su a saman tukunya, da tarkacen sanduna a sama suna hawa da sauka, dogayen ƙarafa suna gangarowa zuwa tayoyi. Direba a kan wani katako yake tsayawa a gefen tukunya, ba rumfa ba komai. Tayoyinsa huɗu girmansu ɗaya, na zubin ƙarfe, kuma an haɗa na gaba da na baya da sanda don su juya tare. Wannan haɗin abin yabo ne, shi ke ba inji riƙon dogo idan kaya sun yi nauyi, kuma bai taɓa tsufa ba har ƙarshen zamanin tururi. Rocket kuwa silindarsa a gefe suke, a karkace, sanda ta miƙe kai tsaye zuwa manyan tayoyin gaba guda biyu, na katako masu bakin ƙarfe. Su kaɗai ke ja. Yana kan sifirin, nauyinsa tan 4 da 'yan kai, alhali Locomotion ya haura tan 6.

Ba haka kawai ya fito da wannan siffa ba, sharuɗɗan gasa ne suka sassaƙa shi. Shugabannin layin Liverpool da Manchester sun rabu biyu, wasunsu sun fi yarda a girke injuna a gefen hanya suna jan taragu da igiya. Sai aka sa gasa a Rainhill a watan Oktoba na 1829, da kyautar fam 500. Inji mai taya huɗu kada ya wuce tan 4 da rabi, ya ja ninki uku na nauyinsa a gudun da bai gaza kilomita 16 a awa ba, kuma kada ya turnuƙe mutane da hayaƙi, shi ya sa aka yi amfani da gasasshen kwal, wanda aka ƙone masa hayaƙinsa kamar yadda ake mai da itace gawayi. Cikin injunan da suka shiga gasar, Novelty ya ɗauki hankalin 'yan kallo amma ya yi ta lalacewa. Sans Pareil na Timothy Hackworth silindarsa ta tsage. Rocket kaɗai ya kammala, ya kuma taɓa kusan kilomita 48 a awa. Daga nan maganar igiya a tsawon layin ta mutu.

Kowannensu yana da ranar baƙin cikinsa. Tukunyar Locomotion ta fashe a 1828, direbansa John Cree ya rasu. Direbobin lokacin kan ɗaure murfin da ke rage tururi idan ya yi yawa, don su sami ƙarin ƙarfi, kuma cikin sharuɗɗan Rainhill har da cewa a sa irin murfin nan guda biyu, ɗaya inda hannun direba ba zai kai ba. Shi kuma Rocket, ranar buɗe layin Liverpool da Manchester, 15 ga Satumba, 1830, ya take ɗan majalisa William Huskisson a Parkside, ya rasu a daren. Injin ba shi da birki.

Wannan layin na 1830 shi ne ya fara haɗa manyan birane biyu da jirgin fasinja mai inji da lokacin tashi tsayayye. Amma shi kansa Rocket bai daɗe yana tashe ba. Karkatattun silindarsa suna sa shi tangaɗi, sai da aka sauke su ƙasa. Kafin 1830 ta ƙare wani sabon inji mai suna Planet ya fito da silinda a kwance a gaba, ya yi Liverpool zuwa Manchester cikin awa ɗaya. A 1836 aka sayar da Rocket ga wani layin ma'adinai kusa da Brampton. Tukunyarsa ce ta rayu: kawunan jirgin da suka fara shiga Kano a 1911 a kan wannan tsari suke, bututu da yawa, murhu a baya, tururi yana zuga wuta. Faɗin dogon da iyalin Stephenson suka tsayar, milimita 1,435, shi ne na layin Abuja zuwa Kaduna.

Idan ka je neman hotunansu, Malam, ka lura. Rocket mai launin rawaya da farin bututun hayaƙi da za ka fi gani, kwaikwayo ne aka ƙera daga baya bisa kamanninsa na Rainhill. Na ainihin yana nan an adana shi, ya yi duhu, silindarsa kusan a kwance, yadda gyare-gyaren bayan 1830 suka bar shi. Locomotion ma tun 1857 aka ajiye shi don tarihi, kuma tukunyar da ke jikinsa ba ita ce ta ranar bikin 1825 ba.