Saitin kayan Adbent da muka saya wa zumuntarmu: kwalin kyauta ya yi, kyandirorin kam sai a hankali

'Yan'uwa da dama sun yi ta tambaya ta a kan saitin kayan Adbent ɗin nan da zumuntarmu ta gida ta yi amfani da shi, wai ya cancanci a saya ko ado ne kawai, toh bari in faɗi abin da na gani gaba ɗaya kowa ya huta. Ba zan kama sunan masu sayarwa ba, irin saitin ya cika intanet kuma kusan duk abu ɗaya ne, sai dai kalar kwali ta bambanta. A cikin namu akwai zoben ƙarfe mai gurbin kyandir huɗu an naɗe shi da ganyen roba, kyandir biyar (uku shunayya, ɗaya ruwan hoda, sai farin da ake sa wa a tsakiya ranar Kirsimeti), katin karatu guda 24, ɗan littafin addu'a siriri, wata takardar manna sitika, sai kuma kwali mai naɗewa wanda kowace rana ake jefa abu ɗaya a ciki domin maƙwabcin da ke cikin rashi. Wannan kwalin shi ne dalilin da ya sa na ce a saya, kuma har yanzu shi ne dalilin.

Ga wanda cocinsu ba ta kiyaye wannan lokacin, Adbent shi ne makonnin jiran haihuwar Almasihu, yana farawa Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, kowace Lahadi a ƙara kunna kyandir ɗaya har a cika huɗu. Abin da ya ba ni haushi kaɗan shi ne ɗan littafin bai ce uffan ba a kan inda zoben kyandir ɗin ya samo asali, alhali labarin shi ne zai sa mutum ya gane me ya haɗa kyandir da kwalin kyauta. Wani malamin tauhidi ne ɗan Lutheran a Jamus, Johann Hinrich Wichern, ya buɗe gidan riƙon yaran talakawa a gefen Hamburg a 1833, ana kiran gidan Rauhes Haus. Yaran suka ishe shi da tambayar yaushe Kirsimeti yaushe Kirsimeti, shi ne a 1839 ya samo tsohuwar ƙafar keken doki ya jera ƙananan kyandirori jajaye na ranakun mako da manya farare guda huɗu na ranakun Lahadi, kullum a kunna ɗaya yara su ƙirga da idonsu. Mutumin nan dai shi ne a 1848 ya yi jawabi a taron ikilisiyoyi a Wittenberg yana cewa aikin jinƙai aikin ikilisiya ne kamar yadda wa'azi yake, daga nan aikin jinƙai na ikilisiya da yau ake kira Diakonie a Jamus ya samo tushe. Kun ga kenan zoben tun farko a ɗakin yaran da ba su da kowa aka kunna shi. Masu saitin sun haɗa abu biyun daidai amma kamar ba su san dalili ba, shafi ɗaya ya ishe su su faɗa.

Zoben kansa ba laifi, yana da nauyi, ba ya rawa a kan tebur ko da yara sun yi ta bugun gefensa, gurbin kyandir ɗin ma da ɗan faranti a ƙasa mai tare kaki. Ganyen robar ne dai ya yi kusa da wuta fiye da yadda raina ya so, mu sai muka lanƙwasa shi ƙasa, kuma dan Allah kada wanda ya bar shi a kunne ya fita daga ɗakin, roba da wuta ba sa shiri.

Kyandirorin kam gaskiya ba su da kwaliti. Sirara ne, kakin mai saurin narkewa, lagwanin kuma ba a tsakiya yake ba, sai wutar ta ci gefe ɗaya kyandir ya karkace yana zuba. Kuma duk wanda ya taɓa yin Adbent ya san kyandir na farko shi ke shan wahala don shi ake kunnawa tun Lahadin farko har zuwa ƙarshe, idan kuna taruwa a tsakiyar mako ma kuna kunnawa toh kafin a kai Lahadi ta uku ya zama guntu. Namu haka ya yi, muna tsakiyar addu'a wani ɗan'uwa ya buɗe ido ya ga wutar ta kusa lasar ganyen, ya miƙa hannu ya danne lagwanin da yatsu a hankali don kada ya katse mai addu'a, yaran da suka gani sai dariya suke dannewa, ɗakin ya cika da warin hayaƙi, addu'ar dai aka ƙarasa da tari. Mai sayarwa mai hankali zai sa kyandir shunayya biyu na ƙari a cikin saitin, ko ya yi su masu kauri. Shawarata ku nemi masu kauri daban tun kafin lokaci, na kakin zuma sun fi jimawa kuma ba su cika hayaƙi ba, ku dai auna faɗin gurbin tukuna don ba kowane kyandir ke shiga ba.

Yanzu katunan. Takardar mai ƙarfi ce, rubutun manya ne har masu matsalar ido sun karanta ba tare da an karɓa musu ba, a gaba aya, a baya tambaya ɗaya ta tattaunawa da abin da za a jefa a kwali ranar. Zaɓin ayoyin ya yi min, akwai Ishaya 9 da Ishaya 40, akwai saƙon Jibra'ilu ga Zakariya da Maryamu a Luka 1, akwai waƙar Maryamu inda take cewa Allah ya ƙosar da mayunwata ya ɗaukaka ƙasƙantattu, kuma katin da ya fi taɓa mu shi ne na Luka 3:11 inda Yahaya Mai Baftisma ya ce mai riga biyu ya ba wanda ba shi da ko ɗaya, a bayan katin kuwa abin da aka ce a jefa ranar riga ce, kuma an rubuta wadda kai ma za ka iya sa wa ka fita, ba tsumma ba. Wannan layin ya yi aiki sosai, na ga wata 'yar'uwa ta mayar da abin da ta zo da shi cikin jaka shiru, mako na gaba ta kawo wani.

Matsalar katunan ita ce lissafi. Sun fara daga 1 ga Disamba zuwa 24, alhali Adbent ba ya bin 1 ga wata, Lahadin farko tana faɗowa ne tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, shi ya sa tsawon lokacin ke kamawa daga kwana 22 zuwa 28. A 2024 an yi dace ta faɗo 1 ga Disamba cif, amma a 2022 tun 27 ga Nuwamba aka fara, a 2023 kuwa sai 3 ga Disamba har Lahadi ta huɗu ta zama jajibirin Kirsimeti, 2025 kuma 30 ga Nuwamba. Toh sai ka ga an kunna kyandir na farko babu katin da za a karanta, ko katin da ke maganar farin ciki na Filibiyawa 4:4 ya faɗo ranar Talata alhali kyandir ruwan hodan, wanda shi ne na farin ciki, na Lahadi ta uku ne. Sannan cocin da ke bin jadawalin karatu na shekara uku, shekarar Matiyu da ta Markus da ta Luka, za su ga katunan ba sa tafiya da abin da fasto ya karanta ranar Lahadi. Ba wani babban abu ba ne, mutum ɗaya ya zauna da kalanda ya sake jera su da fensir ya wadatar, amma ai aikin mai sayarwa ne ba na mai saya ba.

Ɗan littafin addu'ar ba zan daɗe a kansa ba, addu'o'in gajeru ne masu sanyi, sun yi wa wanda ke jin kunyar yin addu'a a gaban mutane amfani, sauran kuma bayan makon farko kowa ya koma addu'a da bakinsa.

Takardar sitikar ita ce abin da ban so ba kwata-kwata. Wai a rubuta sunan kowane gida a manna tauraro duk ranar da suka jefa abu, a ƙasa har an rubuta a ɗauki hoton kwalin idan ya cika a sa a intanet. Haba. A zumunta ɗaya akwai mai albashi akwai wanda ya rasa aiki, akwai gwauruwar da ita kanta ya kamata a kai wa kwalin, ka manna sunanta a bango layinta fayau babu tauraro ko ɗaya, me kake so ta ji? Yesu da bakinsa ya ce a Matiyu 6 kada hagu ta san abin da dama ke yi. Na gane don yara aka yi, yara suna son sitika, toh a ba su su manna a jikin kwalin ba suna ba lissafi, mu haka muka yi, kwalin ya fito da taurari ta ko'ina har a murfi, takardar sunayen kuwa ko buɗe ta ba mu ƙara yi ba.

Kwalin kansa yana da ƙarfi, ƙasansa ninki biyu ne, akwai wurin riƙewa a gefe, an ɗauke shi cike bai ɓare ba. Amfaninsa na gaskiya shi ne yana zaune a tsakiyar ɗaki kusa da kyandir, ba za ka yi sujada ka manta da shi ba, ana gama karatu kowa ya tashi ya jefa nasa, sabulu ne, bargo ne, safa, littafin rubutu na yara, batir, abin da ya sawwaƙa. Bayarwa ta shiga cikin sujadar kanta kenan maimakon ta zama sanarwar da sakatare zai karanta a ƙarshe kowa na haɗa jaka. Yaran ma sun fi manya riƙe abin, su ne ke tuna wa iyaye da safe cewa ba a ware na yau ba.

Amma ga inda nake ganin masu saitin suka gaza, kuma duk wanda zai saya ya kamata ya cike gurbin da kansa. Katunan suna faɗa maka me za ka jefa, ba su taɓa ce maka ka je ka tambayi wanda za a kai wa ba. Jerin kayan an tsara shi ne don wani mabukaci na cikin tunani, maƙwabcinka kuwa mutum ne mai nasa halin. Mu wani dattijo muka yi niyyar kai wa, yana zaune shi kaɗai ba nisa da inda muke taruwa, ba ma ɗan cocinmu ba ne. Shugabar zumuntarmu ta ce a fara zuwa gaisuwa kafin a kai kaya, muka je, bayan an gaisa ta ce, "Baba, muna ɗan haɗa wasu kaya ne na lokacin Kirsimeti, me kuka fi bukata?" Ya yi shiru, ya jawo wata leda daga ƙarƙashin matashi cike da magunguna, ya ce, "'Yata, bargo ina da shi. Idona ne ba ya ganin rubutun nan, ban san wanne ne na safe wanne ne na dare ba." Babu katin da ke ɗauke da wannan. Wata ma'aikaciyar jinya a cikinmu ta zauna ta ware masa su ta rubuta da manyan haruffa, samari biyu suka ɗauki nauyin raka shi asibiti ranar ganin likita, kwalin kuma muka sake tsara shi, tocila da batir suka shiga, littattafan rubutu suka tafi wani gidan mai yara. Da masu saitin sun sa katin farko ya ce ku je ku gaishe shi ku tambaye shi, sannan suka bar wasu katunan babu komai a baya don a rubuta abin da aka ji, da saitin ya ninka daraja. Manzanni ma a Ayyukan Manzanni 6 da aka yi ƙorafin ana tsallake wasu gwauraye wajen rabo, mutum bakwai suka sa aka zaɓa su tsaya a kan aikin, mutane masu ido da kunne.

Wani abu kuma, katunan suna ƙarewa 24 ga Disamba kamar rashi ma ranar yake ƙarewa. Janairu ta fi wa mutane da yawa wuya, an gama biki kowa ya koma harkarsa ba mai leƙo kowa. Kwalin yana naɗewa amma mu ba mu naɗe shi ba, mun bar shi a kusurwa, kuma ina ganin zai yi aiki daidai a kwana 40 na azumi kafin Ista, sai dai ku nemo naku ayoyin.

Wa zai saya? Zumuntar gida, iyali mai yara, ajin makarantar Lahadi, ƙungiyar mata ko ta matasa da ba ta wuce a zauna a kewaye tebur ɗaya ba. Don bagadin babbar majami'a kam zoben ya yi ƙanƙanta, na benci na baya ba za su ga komai ba. Idan cocinku ba ta yarda da kunna kyandir a sujada ba ku fara magana da fasto ko dattawa kada abin alheri ya zama gardama, katunan da kwalin suna aiki ko ba wuta. Wanda kuma hannunsa ke da fasaha zai iya haɗa nasa da faranti da kwali da kati, ba wani sirri a ciki, abin da kake biya shi ne an haɗa maka komai wuri ɗaya ba ka da uzurin cewa ba ka samu lokaci ba. Idan za ku yi oda ku yi tun farkon Nuwamba, don a 2026 Lahadin farko 29 ga Nuwamba ce, ku haɗa da kyandir shunayya masu kauri na ƙari, kuma ku duba saitin da kyau ranar da ya iso, farin kyandir namu a karye ya zo.